Koren Aji Uku

Hedimasta Alexander ya je taron kwana uku a Enugu, ya dawo makarantarsa da ke unguwar Fegge da sabuwar kwat da sabuwar aƙida. Ya tara malamai ya ce alli ya mutu, ya sa aka kwashe allunan azuzuwa. Daga yau aikin gida ta manhaja zai riƙa zuwa wayar iyaye, shi kuma yana ofis yana kallo a kwamfuta: ajin da ake taɓa manhajar kore, wanda ba a taɓawa ja. Malamin da ya ƙare zango da ja, ya nemi wata sana'ar.

Malama Rahinatu ta aji uku tana son aikinta kamar ranta. Mako uku ajinta jawur, har ta rame. Da ta gaji da kuka sai ta hau okada zuwa Kasuwar Ochanja, inda yawancin iyayen ɗalibanta suke sayar da nama, ta sami Idi mahauci, baban Ikram. Ya saurare ta yana wasa wuƙa, sannan ya ce wayarsa ita ce shagonsa, ta nan dillalan shanu suke kiransa, ba zai bar wa 'yar shekara takwas ba.

"Amma Malama, kwantar da hankalinki. Ba kore Oga yake so ba? Zai ga kore har ya gaji."

Kafin Juma'a aji uku ya yi kore shar. Sai dai Rahinatu ta lura amsoshin suna shigowa ne da hantsi, lokacin da yaran suke zaune a gabanta suna hamma. Ashe mahauta ne suke yi wa 'ya'yansu aikin, suka mayar da shi gasa tsakaninsu, har aka ce Idi da maƙwabcinsa Auta sun kwana biyu ba sa gaisawa a kan bakwai sau takwas.

Ba ta faɗa wa kowa ba, abin yana cin ta a rai. Ta sayo alli ta ɓoye a jaka. Kullum sai ta tura ƙofa, ta rubuta wa yaran darasi a bayan ƙofar, ta goge kafin a tashi.

Ranar rufe zango Madam Vanessa, mai makarantar, ta zo, iyaye sun cika harabar. Hedimasta ya yi jawabin awa guda, sannan ya kira Ikram ya miƙa mata wayarsa ta nuna wa duniya. Yarinya ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ba ta ma san ta inda ake shiga ba. Madam ta karɓi wayar ta karanto tambayar da kanta: bakwai sau takwas.

"Hamsin da huɗu," in ji Idi daga can baya, da muryar wanda ya sha yi.

Ikram ta waiwaya. "Baba, hamsin da shida ne."

Auta ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Madam ta tambayi yarinyar inda ta koya, amma kafin ta buɗe baki Hedimasta ya fara tafi, yana cewa ga amfanin fasaha nan, ɗiya ta wuce ubanta. Nan take aka naɗa Rahinatu mai koya wa sauran malamai manhaja.

Ta sa hannu biyu ta karɓi takardar yabo, yatsunta suka bar farar shaidar alli a gefenta. Hedimasta ya kalli shaidar, ya kalli Rahinatu, sannan ya juya ya yi wa mai hoto murmushi.