Rigar Baturiyar Cikin Hoto

Shekara goma sha tara ina ɗinki a unguwar Ulaisha, a nan ƙasar Larabawa, ba a taɓa dawo mini da riga ba sai a kan Khairiyya. Yarinyar da aka haifa a gabana, yanzu tana aiki a wani dogon bene a unguwar Ulaya. Ta je baje kolin tsofaffin hotuna a Dir'iyya, tsohon garin da ke kusa da mu, ta ɗauko hoton wata Baturiya ta 1954 a waya: ƙugu kamar wuyan kwalba, riga ta kwanta luf ko tattara ɗaya babu. Wai irinta za ta sa a liyafar ofishinsu.

Sau uku ina ɗinkawa, sau uku tana tsayawa gaban madubi tana taɓe baki.

"Anti, khalas, ki bar shi. Wannan fasaha ce, ba ɗinki kawai ba. Zan kai wa wani tela ɗan Filifin."

Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. In ta fita da yadin nan, kafin Juma'a duk matan unguwa sun ji cewa hannuna, ni Tabawa, ya tsufa.

Washegari na hau tasi zuwa Dir'iyya. Na tarar da mutane tsaye gaban hoton suna gyaɗa kai kamar masu sauraron wa'azi. Ni kuwa saura kaɗan in manna hancina, ina neman inda aka ɓoye ɗinkin. Mai gadin wurin, Harouna, mutumin Maraɗi, ya ga na daɗe.

"Hajiya, zo ki ga waɗanda ba a kallo."

Ya kai ni wani teburin gilashi a lungu, cike da ƙananan hotunan da aka ɗauka rana ɗaya da na Baturiyar amma ba a zaɓa ba. A ɗaya, Baturiyar ta juya baya. Daga wuya har ƙugu an tattare rigar da abin maƙale shanya, na ƙirga guda tara. Dariyar da na yi sai da Harouna ya roƙe ni in rage murya. Ashe telansu ma bai iya ba.

Da Khairiyya ta zo karɓar yadinta, na ce ta daure ta sake gwadawa sau ɗaya. Na zagaya bayanta, na tattare rigar, na danna mata abin shanya tara. Ta kalli madubi ta dafe ƙirji.

"Ya Allah, Anti! Ita ce wallahi! Amma yaya zan zauna?"

"Ita Baturiyar kin ga ta zauna?"