Taken Dokas

Ban san wautar da ta kai farautar rani ba. Magidanta masu rumbu cike da gero su bar inuwa, su shiga dawa da karnuka da gorori, su yi ta fasa wa juna kai a kan zomo ɗaya, wanda ko miyar gida guda bai isa ba. Al'adarta kuwa sananniya ce: nama na wanda ya iya ƙwata ne, jinin da ya zuba a dawa kuma ba a kai shi gaban alƙali. Sai dai a jira baɗi a rama.

A irin wannan farauta ne, shekaru kaɗan kafin basasar Kano, Ja'afaru na Unguwar Dabo ya kashe Shago na Gidan Bawa. Mutanen Gidan Bawa Maguzawa ne, a gonakin da ke tsakanin Shanono da Bagwai. Na Unguwar Dabo masu salla ne, rafi ɗaya ya raba su. Kasuwa ɗaya suke ci, da damina har gayya suke yi wa juna.

Shago yana da wa, sunansa Dokas. Da ƙuruciyarsa babu wanda ya kai shi mugun hannu a dawa, har makaɗan gangi suka yi masa take nasa na kansa. Daga baya mahara suka kama shi a gona, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin Kwara. A Lokoja wani Banufe, malamin masu bin Isa Almasihu, ya fanshe shi, ya koya masa addu'a, ya yi masa baftisma a kogi. Da Dokas ya komo gida, sai aka ga wani mutum dabam. Ya bar giya, ya bar zuwa gindin tsafi, ya kuma ce ya yi wa Almasihu alkawari hannunsa ba zai ƙara sauka a jikin ɗan Adam ba. Mutane suka yi dariya, suka ce bauta ce ta taɓa masa kai.

Dariyar ta ƙare ran da aka kawo gawar Shago. Tun daga ranar nan, uwarsu Iyatu ta daina amsa gaisuwar Dokas. Da rani ya zagayo, ƙanen ubansu Maikuɗi ya same shi a ƙofar gida.

"Jibi za a fita. Ga gorarka, na sa an shafe ta da mai."

"Baba, ba ni zuwa."

"Ƙanenka ne fa a ƙasa."

"Na sani, ni na haƙa kabarin. Kullum da shi nake kwana a raina. Amma ni ma na kashe 'ya'yan wasu, aka yafe mini ban biya komai ba. Da wane ido zan je in ce sai an biya ni?"

Maikuɗi ya tofar da yawu, ya ɗauki gorar ya tafi. Tsohon nan makiri ne, ya kuma san ɗan wansa fiye da yadda Dokas ya san kansa.

Ranar farauta Dokas ya ɗauki gatari ya nufi gonarsa ta bakin dawa, yana sassabe. Yana jin haushin karnuka can nesa, yana ta maimaita addu'ar da aka koya masa. Da hantsi ya dubi ludayi sai hayaniyar ta karkato. Maikuɗi ne ya juyo da farautar ta wajen gonar da gangan, ga makaɗin gangi a gefensa.

Wata gada ta ɓullo daga cikin sabara, karnuka na binta, ta faɗi a kan kunyar Dokas. Mutum na farko da ya dira a kanta Ja'afaru ne, ƙato, da layu har gwiwar hannu. Ya take wuyanta, ya ɗaga gora yana kirari. A daidai nan Maikuɗi ya taɓa kafaɗar makaɗin, gangi ya sauya murya: Dokas na Iyatu, mai raba kare da zomo, Dokas ba a yi maka biyu.

Wanda bai taɓa ganin an kaɗa wa namiji takensa ba, ba zai gane ba. Jikin Dokas ya ɗauki tsuma tun daga idon sawu. Haƙoransa suka haɗu, addu'ar ta tsinke a bakinsa. Amma kada wani ya ce bai san abin da yake yi ba. Ya tuna Ja'afaru ɗan tauri ne, an ce ƙarfe ba ya cinsa, don haka sai ya juya gatarin, ya kai masa da ƙota. Bugun farko ya karya hannun da ke riƙe da gora. Na biyu ya sauka a haƙarƙari, aka ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Na uku a bayan kunne ne, Ja'afaru ya kife a kan gadar.

Nan take wuri ya yamutse. Mutanen Unguwar Dabo ba su da yawa a wannan gefen, aka bi su da gorori har cikin rafi. Wani ya rasa haƙora, wani aka tsaga masa goshi, karnuka suka shiga cizon duk wanda suka samu. Dokas yana tsaye, tsumar ta sake shi, ya ga jini yana fita ta kunnen mutumin da ke gabansa. Tsoro da kunya suka rufe shi, irin waɗanda ko ran da aka sa masa mari a ƙafa bai ji ba.

Samarin Gidan Bawa biyu suka dawo don su ƙarasa Ja'afaru. Dokas ya yar da gatarin, ya kwanta a kansa. Gorar da aka riga aka saki ta same shi a gadon baya, wata ta fasa masa gira.

"Tashi, mahaukaci," in ji Maikuɗi. "Ka gama aikinka, bar mu mu yi namu."

Dokas ya miƙe. Ya cicciɓi Ja'afaru, ya goya shi kamar yadda mace ke goya ɗa, ya nufi rafi. Ba wanda ya tare shi, don ba wanda ya taɓa ganin irin wannan, balle ya san abin da ake yi a kai.

Suna cikin yashin rafi Ja'afaru ya farfaɗo. Muryarsa ƙasa-ƙasa, a daidai kunnen Dokas.

"Wa ke ɗauke da ni?"

"Dokas ne."

Ja'afaru ya yi wani abu mai kama da dariya, jini ya biyo baya. "An ce ka tuba."

"Na tuba."

"Haka tubanku yake?"

"Ba ni da bakin magana. Da sanina na yi, ba kiɗa ne ya juya gatarin ba." Ya gyara goyon. "Wanda nake bi bai karɓe ni don hannuna yana da tsabta ba. In ya kore ni yau, bai zalunce ni ba. Amma an gaya mini ba ya korar wanda ya komo, shi ne nake komowa. Ka yafe mini, Ja'afaru."

Ja'afaru bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya nemi ruwa, babu ruwa a rafin. Ya fara kalmar shahada, Dokas ya rage sauri don kada girgiza ta katse shi. Kafin su hau gangaren Unguwar Dabo, nauyin da ke bayansa ya sauya, Dokas kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Fadima, uwar Ja'afaru, tana ƙofar gida tana ba akuya dusa. Dokas ya sauke gawar a hankali a gabanta, ya durƙusa.

"Inna, ni na kashe shi."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan ɗanta a cinya, tana share masa kunne da bakin zane. Basiru, ƙanen Ja'afaru, shi ne ya fito da taɓarya. Ya maka wa Dokas a kafaɗa, ya ƙara masa a baki. Dokas ya tofar da haƙori, ya miƙe zaune, bai ɗaga hannu ba. Maƙwabta suka fara taruwa, kowa da abin da ya rarumo.

Sai ga gangi daga wajen rafi. Maikuɗi ne ya tattaro mutanen Gidan Bawa su zo su ƙwaci nasu, kuma taken nan dai ake kaɗawa. Dokas ya ji tsumar ta soma daga ƙafa. Ya dubi Basiru, ya ga inda zai kama taɓaryar da inda zai sauke ta, ya ga abin ba zai yi masa wuya ba ko kaɗan. Ɗazu ma da addu'a a bakinsa ya yi kisa, yanzu kam ya daina yarda da kansa.

Ya miƙa hannuwansa biyu wajen tsohuwar.

"Inna, don Allah ki ɗaure ni. Ga igiyar akuya nan. Yi maza, kafin su iso. In ba haka ba, 'ya'ya biyu za ki binne."

Fadima ta dube shi, ta dubi Basiru. Ta sauke kan gawar a kan zanenta, ta kwance akuyar, ta naɗe masa hannuwa ta baya, ta ja har igiyar ta shiga nama, ta ɗaure a turke. Tana yi hawaye na zuba, kuma ba ta sassauta ko kaɗan ba.

Basiru ya sake ɗaga taɓarya. Ta shiga tsakaninsu, ta zauna, bayanta na jingine da ƙirjin wanda ya kashe mata ɗa, tana jin yadda jikinsa ke kaɗawa.

"Ajiye," ta ce. "Ba a dukan ɗaurarre a ƙofata. Je ka ɗebo ruwa, wanka za a yi wa ɗan'uwanka."