Matsallakar Kong Juki

"Odah! Ke Odah! Sauke gorar nan, ko sai na taso?"

"To taso mana mu gani," na ce, amma dai na sauke. Ko numfashi ban gama ajewa ba jirgin ƙasan Bogor ya sheƙo ya wuce, tarago goma sha biyu, iskarsa ta kusa tafiya da mayafina.

Kong Juki ba zai iya tasowa ba, kuma duk mun sani. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, likita ya ce zuciyar ta gaji. 'Yarsa Nengsih ta jawo gadonsa bakin taga, daga nan yake kallon layin dogo, wanda bai fi taku goma da ɗakinsa ba. Sunansa Marjuki, amma kowa a unguwarmu ta Citayam Kong yake ce masa, wato kaka. Ni kuwa Saodah, shekara ashirin da shida ina suyar awara da ayaba a jikin bangonsa, kuma ban tuna ranar da muka wuni ba mu yi cacar baki ba.

Matsallakarmu ba ta hukuma ba ce. Gidaje suna wannan gefen, kasuwa da makaranta suna wancan, sai ƙafa ta yi wa kanta hanya. Ranar da jirgi ya take wata mai tallan kayan miya, Kong ya saro gora, ya yi mata fenti ja da fari, ya kafa ta shinge, a sauke in jirgi na tafe, a ɗaga in ya wuce. Babu wanda ya sa shi. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma tun daga lokacin ba a sake rasa rai ko ɗaya a wurin ba. Ba ya duba agogo. Silifas yake cirewa ya ɗora tafin ƙafarsa a kan ƙarfen dogo, ya ce, "Na Jakarta ne, ya kawo kwana," kuma haka ɗin ne.

Jiragen da can tun daga nesa ake jin kwaramniyarsu, ƙofofi a buɗe, mutane cunkus har kan rufi. Sai aka gyara. Aka sauke 'yan kan rufi, aka kawo jirage masu sanyi da ƙofa mai rufe kanta, aka ƙara tsawon tasha. Ɗana da ke aiki a Tanah Abang ya daina dawowa da yagaggiyar riga. Sai dai sababbin ba su da hayaniya, ga gudu, ga shi kowane minti biyar sai wani ya wuce. Shi ya sa aka haƙa mana gadar ƙasa, aka ce ranar buɗe ta za a toshe matsallakarmu da katanga.

Tohir ɗan acaba ya leƙa tagar yana tsokana. "Kong, za su raba ka da ofishinka fa."

"Su raba ni mana, ɗan nema! Ka ga ina kuka? Ni so nake in miƙa musu ita babu jinin kowa a kai. Saura kwana tara. Ku riƙe min kwana taran nan, shi ke nan roƙona."

Muka raba aikin. Ni da safe, Tohir bayan azahar, sauran maza su karɓa daga nan. Amma mu hannu ne kawai. Tunda ƙafa ta ƙi, sai ya sa a riƙa ajiye masa kofin shayi a kan taga. Ba sha yake ba. Ido yake zuba masa, da zarar shayin ya fara rawa, alamar jirgi na tafe, sai ya busa usur.

A kwana na shida ya daina cin abinci. Nengsih ta durƙusa tana roƙonsa ya bari a kai shi asibiti.

"In tafi, wa zai sa ido a kan Odah? Wannan da kunnenta yake wajen gulma?"

"Allah ya shirye ka, tsoho," na ce daga waje, na juya baya don kada ya ga idona.

Rana ta tara ta faɗo Alhamis. Ƙarfe bakwai na safe wurin ya cika maƙil, babura sun fi talatin, ga 'yan makaranta, ga mata da kwanduna. Jirgin Jakarta ya wuce, fuskoki manne da gilashi. Na danna gindin gorar ta fara ɗagawa, babura suka fara gurnani.

Sai na ji usur. Ba irin wanda na saba ji ba, ɗan siriri kamar kukan ɗan tsako. Na waiga. Kong ya ɗago a kan gwiwar hannu, Nengsih ta tallabe shi, usur a bakinsa. Na saki gorar, ta faɗo gwaf a kan fitilar babur ɗin Tohir.

"Mpok, kin haukace? Jirgi ya wuce!" in ji Tohir. Mpok yake ce min, wato yaya.

"Mun makara fa, baiwar Allah!"

Odar babura ta ko'ina. Wani mai farar rigar ofis ya sunkuya zai bi ta ƙasa, na cafko wuyan rigar da hannuna mai maiƙo.

"Malam, wallahi in za ka tsallaka sai dai ka tafi da hannun nan."

"Sake ni! Wace irin mata ce wannan?"

Na duba, ban ga komai ba. Wutsiyar jirgin da ya wuce ta rufe kwanar. Gaskiya har ni na fara cewa a raina ko ciwo ya taɓa kan tsohon nan. Amma ban saki ba.

Sai ga shi ya ɓullo a ɗaya layin, jirgi babu fasinja ko ɗaya, yana komawa ma'ajiya, yana zabga oda. Ya wuce daidai inda, da na ɗaga gorar, da yanzu yaran nan suna tsaye. Mai farar riga ya daɗe yana kallona, sannan ya kama hannun nan nawa mai maiƙo ya ɗora a goshinsa.

Na faɗa ɗakin. "Kong, yaya aka yi ka sani?"

"Shayin bai tsaya ba," ya ce da ƙyar. "Ke kuwa, da ma kanki..." Numfashi bai bar shi ya ƙarasa zagin ba.

Bayan la'asar ma'aikata suka iso da mota ɗauke da fale-falen kankare. Injiniyar, wata yarinya mai hular kwano a kan hijabi, ta zo bakin taga ta gaishe shi da ladabi, ta tambaya yaya za a yi da gorar.

"A ba Odah ta yi shanya."

Suka riƙa jera kankaren ɗaya bayan ɗaya, duk unguwa ta fito kallo. Da na ƙarshe ya zauna, Tohir ya hau kan sirdin babur ɗinsa ya kwarara ihu: "Kong! An toshe! Ba a rasa rai ko ɗaya ba!" Wayyo, zo ka ga murna! Mata suna buga murfin tukwane, 'yan acaba suna oda, yara suna tsalle, ni kaina sai da na taka rawa da matsami a hannu.

Kong ya kira ni da ido, na matsa.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Kong."

"To, alhamdu lillahi. Nengsih, ɗauke kofin nan. Juya ni."

Ta juya shi, ya ba taga baya. Washegari bayan sallar asuba ya cika. Na yi kuka kamar ubana ne, ba na jin kunyar faɗa, amma ban taɓa yin kukan da daɗi ya cakuɗe a cikinsa haka ba.

Aka kafa tuta rawaya a bakin lungu, alamar rasuwa a garinmu, aka lulluɓe makara da koren mayafi da igiyoyin furanni. Maƙabartarmu tana wancan gefen dogo, don haka aka nufi sabuwar gada, ina biye a cikin mata. Da maza shida masu ɗauke da shi suka iso bakinta, sai suka ja suka tsaya. Suka dubi dama, suka dubi hagu. Babu wanda ya ce su yi. Tohir, da ke gaba, shi ya fara ankara cewa jirgi suke dubawa saboda sabo, ya yi dariya hawaye na zuba, ya gyara kafaɗa suka gangara.

Ciki da sanyi, yana warin sabon fenti. Muna tsakiya jirgi ya bi ta samanmu, rufin ya ɗan yi gunji, makarar ta ci gaba da tafiya.