Saƙon da Abarshi Yake So

A shekara ta 2008 wata ƙungiya ta ɗauki Wasila aiki a Konni, ta shirya tsarin da zai riƙa aika wa masu ciwon sukari saƙo ta salula don tuna musu shan magani. Wata biyar ta yi a gaban ordinatar, wato kwamfuta. Da saƙonnin suka fara fita, cikin mutum sittin, bakwai kaɗai suka amsa.

Daga hedkwatar ƙungiyar a Yamai aka ce ta je ta ji dalili. Ta zaga ƙauyuka a kan kabu-kabu har bayanta ya ƙage. Wasu ba su iya karatu ba, wasu salular ta ɗansu ce, yana Najeriya.

A Malbaza ta sami Abarshi, tsohon direban motar siminti da ciwon ya ajiye shekara tara. Yana zaune a zaure, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma. Ya ce saƙonta na zuwa kullum, idonsa ne ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Wasila ta ce za ta mayar da shi murya, da Hausa.

Abarshi ya ce:

"Ɗiyata, wanda ciwo ke tadawa kullum ba ya mance magani. Ni abin da nike so in sani, maganin ya zo ko bai zo ba?"

Ya ba ta labari: sau uku a watan nan yana hawa babur da wannan ƙafa zuwa likitar Konni, wato asibitin da yake karɓar magani, ya wuni a layi, a ce masa ya ƙare. Ranar da ya dawo haka, kwana biyu yake yi kwance.

Wasila ta rufe littafin tambayoyinta. Babu irin wannan a ciki.

Ta koma Konni ta rushe rabin aikinta. Ta roƙi majo, babban ma'aikacin jinya na likitar, ya riƙa sanar da ita duk ranar da magani ya iso, ita kuma na'urar ta buga wa kowa salula sau biyu ta katse, alamar magani ya zo. Yamai suka ce ba wannan aka tsara ba. Ta rubuta musu sau huɗu kafin su yarda a gwada wata uku.

Ranar farko da na'urar ta buga, Abarshi bai je ba. Ƙafar ta kumbura. Matarsa A'i ce ta karɓo masa. Wasila ta gan ta a layi, suka gaisa, ta koma buro, ofishinta, ta ci gaba da shigar da sunayen mutanen Illela cikin tsarin.