Harsashi na Biyar

"Huɗu," na ce, ina sauke madubin hangen nesa. "Na biyar ya fita daga da'ira da faɗin yatsa biyu."

Torleif bai ɗago ba. Yana nan kwance rub-da-ciki a kan tabarmar roba, kuncinsa a jikin bindiga, yana jira in canja magana.

"Sake dubawa, Halvard. Idonka ya fara tsufa."

"Sau biyu na duba."

Asabar ta uku ke nan yana zuwa filin gwajin harbi, kuma ita ce ta ƙarshe kafin a buɗe farautar elg, ƙaton naman dajin da ke cika mana tukwane har bazara. Dokar ba ta da tsawo: harsashi biyar daga mita ɗari, dukansu su shiga da'irar da ke ƙirjin hoton barewa. Wanda ba a buga wa hatimi a katinsa ba, ba shi ba ɗaukar bindiga a bana. Ni ke riƙe da hatimin. Shi kuwa maƙwabcina ne, shingen katako kawai ya raba mu, kuma shekara hamsin da ɗaya bai taɓa fashin ranar buɗe farauta ba.

Da ƙyar ya miƙe yana dafa benci.

"Harsashin ne," ya ce. "Sabon albarushin nan ba shi da amana. Ina jin danshi ya shige shi."

Torleif bai taɓa sayen harsashin kanti ba. A ɗan ɗakinsa na bayan gida yake haɗa nasa: ya tsince kwanson da ya harba, ya goge, ya auna albarushi a ɗan sikelinsa yana riƙe numfashi, ya ɗora kai, ya jera a kwali. Matarsa Magnhild takan ce da a ce ita yake lallaɓawa kamar kwanson nan, da tuni ta manta ciwon baya.

Ni kuma da shegen karambanina sai na ce, "Haba, harsashinka? Kawo mu gani."

Na karɓi bindigarsa na kwanta, na saki biyar. Duka suka taru wuri guda, gindin kofi ma zai rufe su. Na juyo ina washe baki.

"Ka gani? Duk kwarin nan babu mai haɗa harsashi kamarka!"

Sai da maganar ta fita na gane ɓarnar da na yi. Mutum shida ne tsaye a bayanmu, kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Torleif ya dubi hannuwansa, waɗanda tun farkon shekara suke rawa muna yi kamar ba mu gani ba, ya tura su aljihu.

"To," ya ce. "Ashe ba harsashin ba ne."

A wajen motoci ya tare ni.

"Yatsa biyu ne fa, Halvard. Elg ba ya yawo da ma'auni."

"Na sani."

"Wa ya koya maka jan kunama ba tare da fizga ba?"

"Kai ne."

"To buga hatimin mana."

"In ka raunata dabba ta faɗa fadama ta kwana uku tana mutuwa fa? Wannan ma kai ka koya mini."

Ya gyaɗa kai ya shiga mota. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Jostein, jagoran ƙungiyarmu ta farauta, ya je har gidan Torleif ya ce ya zo ko ba bindiga, ya riƙa hura mana wuta a sansani. Ta kan shinge na ji amsar.

"Ni ne zan dafa muku kofi? Kai da na goge wa majina ranar da ka kashe elg na farko? Kama hanya."

Daga nan ɗakin bayan gida bai sake buɗuwa ba. Ta tagar kicin nake ganinsa zaune a matakala da rigar sanyi, ya ba daji baya. Ranar buɗe farauta, in ji Magnhild, duk ƙarar bindigar da ta tashi daga kan tudu sai ya faɗi mai ita. "Wannan Jostein ne, ya yi gaggawa, zai ƙara." Sai kuwa a ji ta biyu.

Da yamma na kai masa hanta da tsokar cinyar elg ɗin da muka kashe.

"Mayar," ya ce. "Wanda bai zauna gadi a daji ba, ba shi da kaso."

Magnhild ta karɓa ta ƙofar baya ta dafa. Dankali kawai ya ci.

Ranar Laraba ta mako na biyu, da hantsi, Magnhild ta buga mini ƙofa da silifas a ƙafarta.

"Halvard, zo ka taya ni ɗaga shi. Ya yi mini nauyi."

Zuciya ce ta ɗauke shi, in ji likita, kuma ga shekara saba'in da takwas. Babu wanda ya ɗora mini laifi. A bakin coci Magnhild ta riƙe hannuna ta ce, "Kai dai aikinka ka yi," maganar da ta fi mari zafi. Ko yau aka dawo ba zan buga hatimin ba. Amma harbi biyar ɗin nan nawa babu wanda ya aike ni, kuma baƙin cikinsu da shi za a binne ni.

Bayan jana'iza Jostein ya ce in koma wurin da Torleif yake zama gadin elg, gindin wata tsohuwar bishiya a bakin fadama, inda tun ina makaranta ba wanda ya zauna sai shi. Na iske an sassare rassan da za su tare masa gani, saran bai gama yin duhu ba. Ashe tun kafin gwaji ya tako har nan da ƙafafun nan nasa, ya shirya komai. A gefen kututture ga itace an faskara ƙanana, an jera, an rufe da ɓawon bishiya, an danne da dutse.

Na zauna a gefe da bindiga a cinya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan ɓawon, itacen da ke ƙasa kuwa a bushe yake ƙayau.