Ƙwayoyi a Gwangwanin Yis

Ƙanwar mai burodi ta shiga gidan burodin da rana tsaka, ko rigar aikin asibiti ba ta cire ba. Cokali take nema a kan kantar kaya sai ta ci karo da wani tsohon gwangwanin yis, ta girgiza ta ji ƙara. Da ta buɗe, sai ga ƙwayoyin maganin tarin fuka na yayanta jibge a ciki. Lallai ma mutumin nan!

"Yaya, wannan fa?"

"To, likita ta zo," in ji shi, yana ta murza ƙulli. "Ai na warke. Tari ya tsaya, dubi kumatuna."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta sha ganin irinsa an dawo da su ranga-ranga. Amma ta san Yaya, faɗa ba ya shiga kunnensa. Ta ɗebo busasshen yis a tafin hannu ta miƙa masa.

"Wannan matacce ne ko mai rai?"

"Ke, sana'ata za ki koya mini? Barci yake."

Ta zuba shi a kofi, ta sa ruwan ɗumi da sukari, ta ajiye kusa da tanda.

"Haka ƙwayar cutar take a ƙirjinka. Da ta ji magani ya matsa mata sai ta yi likimo, ta rage numfashi, ta daina hayayyafa, ta koma lasar kitsen jikinka kaɗan-kaɗan don kar ta mutu. Magani kuwa mai motsi ya fi kamawa, shi ya sa ake daɗewa ana sha. Ka ɗaga mata ƙafa, ta farka ta ci gaba da cinka, wataƙila ma ta daina jin maganin."

Ya buɗe baki zai yi gardama, idonsa ya faɗa kan kofin. Kumfa ta cika shi har tana gangarowa kan tebur. Ya daɗe yana kallo, ƙulli na bushewa a yatsunsa.

"Ɗiyata Auta a ƙirjina take barci kullum," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Ita zan kai a auna, kai kuma likita ya sake duba ka kafin ka taɓa waɗannan ƙwayoyin. Wanke hannunka."

Ya kira matarsa ta goyo yarinyar, ya bar ƙullin a buɗe ya bi ƙanwarsa.