Tukunyar Maman Keziah

Lukuman maginin tukwane ya cuci mace kurma, kuma yana sane ya cuce ta. Ba kuskure ba ne, ba kuma sharrin wuta ba ne kamar yadda ya so ya ce daga baya. Ya ga aibin da idonsa, ya ji shi da kunnensa, ya yi shiru.

Yana zaune a rumfar aikinsa da hantsi, ƙafarsa na juya faifan gini, yana ɗaga bakin wani kwanon miya da yatsu biyu, sai matarsa Fadima ta shigo ba sallama.

"Tukunyar Maman Keziah ta fashe bisa wuta," in ji ta. "Ruwan kalwa ya kwarare wa Keziah tun daga cinya har ƙasa. An tafi da ita asibiti."

Kwanon ya karkace a hannunsa, ya koma curin laka.

"Subhanallahi. Wa ya gaya maki?"

"Masu ɗibar ruwa. Malam, wace tukunya ka sai mata?"

"Tukunya dai."

"Wadda na jingine bayan matoyar tukwane, na ce a bar wa kaji, ina take?"

"Ke Fadima, tukwane nawa ke cikin gidan ga? Kiwonsu nake yi?"

Ta tsaya tana kallonsa yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa.

Lukuman gwani ne, wannan ba wanda ya hana masa. A Jihar Neja ya yi koyo, ya dawo Zuru ya gina matoya ta bulo, yana yin kofuna da butoci da kwanoni masu sheƙi waɗanda ma'aikata ke saye. Amma manyan tukwane ba sa hawa faifai. Fadima ke gina su da hannu, zagaye bisa zagaye, ta shanya su a inuwa har su bushe. A toyin da ya wuce ɗaya ta fito da tsaga siririya kamar gashi, daga gindi zuwa ciki. Fadima ta fitar da ita daga cikin na sayarwa. Shi kuwa ya tuna tsadar icce, tunda yanzu masu yin icce ba sa shiga daji da nisa don tsoron 'yan bindiga, sai asarar ta tsaya masa a wuya. Ya kwaɓa siminti da laka, ya cike tsagar, ya shafe ta da makuba da baƙin tukunya. Ido ba ya gani.

Kunne kam yana ji. Shi ya sa ba macen da ke sayen tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta ba. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji kamar an bugi buhun dawa.

Alice, wadda ake kira Maman Keziah, matar soja ce da mijinta ya rasu, daddawa take yi ta ci da gidanta. Sanƙarau ya tafi da jinta tun Keziah na goye. Shekara da shekaru wajen Lukuman take sayen tukunya, kuma abu ɗaya take yi: ta nuna wadda take so, ta ce da ƙarfi, "Ɗana, buga mini," ta zuba wa fuskarsa ido. Ranar kasuwar nan Keziah na can tana tsaron tiren daddawa. Alice ta nuna babbar. Ya buga. Ya ji abin da ya ji. Ya yi murmushi, ya gyaɗa mata kai, har ya taimaka aka ɗora ta a baro.

Yanzu da ya hau babur, ba asibiti ya nufa ba. Gidan Alice ya fara zuwa, can kan hanyar Dabai. Ya tarar da ƙofa a buɗe, ba kowa sai awaki suna cin kalwar da ta watse. Murhun ya mutu, toka ta zama taɓo. Takalmin roba ɗaya na kife kusa da dutsen murhu. Bai dube shi sau biyu ba. Ya durƙusa yana tsintar tsingaron tukunyar yana zubawa a buhu, har ya samu wanda yake nema, mai layin siminti fari-fari a gefen karaya. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga.

"Sannu, Kaka. Ni ne maginin. Zan duba in ga abin da ya fasa ta."

"Allah ya yi maka albarka, yaro. Wani da ko zuwa ba zai yi ba."

Ya amsa da amin. A hanya ya tsaya bakin wani kwazazzabo ya juye buhun, ya saurari faɗuwarsu. Daga nan ne numfashinsa ya daidaita. Ya sayi lemo da ayaba a bakin titi, ya shirya abin da zai ce: an cika mata wuta tun ba ta yi ɗumi ba, sabuwar tukunya sai da lallashi.

Ɗakin mata na asibiti cike yake da warin magani da na fatar da ta ƙone. Keziah na kwance a gadon ƙarshe, an kifa wani ƙarfe mai kama da keji a kan ƙafafunta, an rufa zane a kai don kada ya taɓa nama. Idonta a buɗe, amma ba ta kallon kowa. Leɓenta ya bushe. Yarinyar nan ita ce kunnen uwarta, ita ke ciniki, ita ke amsa sallama, ita ke gaya mata abin da fasto ya ce. Matan unguwa sun zagaye gadon, wasu a tsaye, wasu a tabarma.

Lukuman ya gaishe su, ya ajiye ledar lemo.

"Ya jikin nata?"

"Likita ya ce ƙafar dama da sauƙi," in ji wata. "Ta hagu sai abin da Allah ya yi. Tana tsugune tana tura icce, gindin tukunyar ya buɗe gaba ɗaya."

"Ikon Allah. Kun san sabuwar tukunya, in aka cika mata wuta..."

"Wace irin wuta?" wata mai jan ɗankwali ta katse shi. "Maman Keziah ta fara dafa kalwa tun kana yawo ba wando. Yau za ka koya mata wuta?"

Alice ba ta ji ba, amma ta ga fuskoki. Ta ga matan sun juyo wa Lukuman, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ta miƙe daga bakin gado, ta kama hannunsa da hannayenta biyu, ta yi magana da irin ƙarfin da kurame ke yi, har masu jinya na can ƙarshen ɗaki suka waiwayo.

"Kada wanda ya ga laifin ɗana! Ba ruwansa. Ya buga mini ita da hannunsa, ina kallo. Ya ce lafiya lau. Shi ba ya mini ƙarya. Babba ce, mai zanen ƙafar kaza a wuya, ba irinta a rumfar. Shi ya ɗora mini a baro. Ƙaddara ce kawai."

Lukuman ya so ya zare hannunsa, ta riƙe gam.

Mai jan ɗankwalin nan Glory ce, mai sayar da tuwo a tasha. Ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"Mai zanen ƙafar kaza?"

Ta juyo ta fuskanci Lukuman.

"Malam Lukuman, da kai nake. Wadda ke bakin rumfa ta hannun dama?"

"Tukwane da yawa ke da wannan zane."

"Ƙarya kake. Guda ɗaya ce ranar. Ni na fara ɗaukarta da safe. Na buga, na ce maka wannan ta mutu. Me ka ce mini? Ka ce ba ta sayarwa ba ce, yaran baro suka haɗo da ita, gida za ka mayar. Ko ba haka ka ce ba?"

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Kai, ka jira mai kunne ta wuce, ka sayar wa marar kunne!"

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a rage murya, ba wanda ya kula ta.

Alice na duban wannan, tana duban wancan. Ta ja hannun rigar Glory. Glory ta tsaya gabanta, ta zana tukunya a iska, ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta nuna kunnenta, ta girgiza kai. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna bakinta, sannan ta nuna Lukuman. Ta maimaita, a hankali.

Alice ta saki hannunsa. Ta matso kusa, ta ɗaga kai ta zuba wa fuskarsa ido. Wannan karon muryarta ta yi ƙasa, kamar ba tata ba.

"Ɗana, ka ji?"

Ya buɗe baki ya fara bayani. Ya yi maganar wuta, ya yi maganar laka, ya ce ko wane magini yana gamuwa da haka, ya rantse. Duk ɗakin sun ji shi ban da ita. Ita bakinsa kawai take kallo yana motsi, har ya gaji ya rufe. Sai ta koma bakin gado, ta jiƙa tsumma ta shafa wa Keziah a leɓe. Glory ta ɗauki ledar lemon ta ajiye masa a waje, bakin ƙofa.

Da ya koma gida la'asar ta yi. Fadima na zaune gaban wata tukunya da ta gina zuwa rabi, lakar ta bushe a hannunta.

"In an tambaye ki," in ji shi, "ba ki san komai ba."

"Ni na gina ta, Malam."

"To shi ya sa. Sunanki ne zai ɓaci tare da nawa."

"Ni na gina ta, ni na fitar da ita. In an tambaye ni, abin da zan faɗa ke nan."

Aka kuwa tambaye ta, ranar kasuwa, gaban sarkin kasuwa da dattawa da matan da suka taru har kan hanya. Ta faɗa, kanta a ƙasa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. A ranar ne kuma aka ji cewa an yanke wa Keziah ƙafar hagu daga gwiwa.

Sarkin kasuwa ya sa aka miƙa wa Lukuman taɓarya, ya farfasa duk abin da ke rumfarsa da hannunsa, kofuna da butoci da randuna, alhali kuwa dukansu lafiyayyu ne. Aka karɓe rumfar aka ba mai sayar da bokitan roba. 'Yan sanda suka tafi da shi kafin azahar, alƙali ya ɗaure shi.